Rasuwar Kaset ɗin Wendell Sigurdson

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya ƙandarar, iyalan Wendell Sigurdson na Gimli, garin sanyi a bakin tafki, suna sanar da rasuwar abokin zamansa, kaset ɗin waƙoƙin Kirsimeti, wanda ya cika ranar Talata da safe a cikin mota, a ƙofar gida.

Marigayin ba irin kaset ɗin nan ba ne mai ƙararrawa da shewa, wanda kantuna ke cika mana kunne da shi tun Nuwamba ba ta fita ba. Waƙoƙinsa na masuntan da ƙanƙarar tafki ta tsage da su ne, da kujerar da ba mai zama a kanta ranar biki. Wanda ya saurare shi, abincin ranar ba ya yi masa daɗi. Amma Wendell ya yi masa kyakkyawar shaida: duk watan Disamba, shi kaɗai ne ba ya tilasta wa mutum murmushi.

An haife shi a kicin, ranar da Wendell ya aro faifan waƙoƙin, ya kanga rikoda a bakin lasifika. Shi ya sa ya tashi da kukan buta da haushin kare a jikinsa. Ana gab da ƙare waƙar ƙarshe kuma, sai muryar Lorna, matar Wendell, ta faɗo ciki: "Haba Wendell, don Allah kashe abin nan! Biki muke yi ko zaman makoki?" Sai dariyarta, sai ƙit. Shekara shida ke nan da binne Lorna, kuma babu inda muryarta ta rage sai nan.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Wendell ya jona motarsa da lantarki kamar kowa don kada injin ya daskare, amma ya bar kaset a ciki, ya kwana cikin sanyin da ke tsaga itace. Da safe, dattijo da furfurarsa, bai jira motar ta yi ɗumi ba, ya kunna shi. Marigayi ya ja murya kamar mashayi, ya yi gurnani, ya yi shiru. Rikodar motar ta tauna zarensa. An juya shi da fensir, an liƙa da salatif, ina! Daidai wurin Lorna ne ya dagargaje.

Ya rasu ya bar Wendell, wanda abinci ya daina shigarsa, da Karin, 'yar Wendell. Ita ce ta samo masa waƙoƙin a waya, tas, ba buta ba kare. Ya saurara har ƙarshe. Waƙa ta ƙare, ba wanda ya yi masa faɗa. Ya miƙe ya fita tsakar ƙanƙara ko rigar sanyi babu, sai da aka janyo shi.

Ƙasa ta daskare, don haka binnewa sai watan Mayu, kamar ta duk wanda ya rasu a wannan lokaci. Kafin nan gawar tana cikin aljihun rigar Wendell. Za a karɓi gaisuwa a gida ranar jajibirin Kirsimeti, akwai kofi da kek. Kada kowa ya zo da kiɗa. Wanda ya san Lorna dai, don girman Allah ya zo ya kwaikwaya masa yadda take kiran sunansa, domin tun jiya yake nema a kansa bai samu ba.