Ranar da na ƙirga shanun gidanmu a gaban malamin jangali

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar damina a Tambuwal ba, zamanin Turawa, ranar da bakina ya yi wa gidanmu ɓarnar da ko kura ba ta taɓa yi mana ba.

Lokacin ina sabon malamin elemantare, ina ji da kaina ƙwarai. Alƙalami biyu nake saƙalawa a aljihu (ɗaya ma ba ya rubutu). Gidanmu kuwa noma ne da kiwo. Kamar kowane gida mai shanu, muna da sirrinmu: da damina ta kama, kafin a fito ƙirgar jangali, wato harajin da ake biya a kan kowace saniya, sai Baffa ƙanen mahaifina ya kora mafi yawan garken zuwa dajin bayan Kebbe. A bar sha biyu a gida, su ake nuna wa malamin jangali. Mutum ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga surukinsa, balle ga hukuma. Abin da ke rufa mana asiri kuwa hanyar Kebbe ce, don ruwa biyu in ya sauka, ko doki sai ya yi tunani kafin ya shiga taɓonta.

Sai ga labari cewa Di'o, Baturen mulki, zai zo rangadi, kuma hakimi zai tara majalisar gunduma a kan gyaran wannan hanya: wa zai biya? Aka ce a kira ɗan boko ɗaya ya faɗi ra'ayinsa. Ni! Wayyo daɗi! Kwana uku ina yi wa ɗalibaina jawabin maimakon lissafi.

Da na gaya wa Baba, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Mi ya kai ka ga zancen hanya? Hanyar nan in ta gyaru, mu za ta ci. In ka tafi, ka zamna ka yi kurum."

Na ce to. (A raina kuwa cewa na yi, tsoho bai san zamani ba.)

Ranar taro zauren hakimi ya cika har waje. Di'o na kan kujera da tafintansa, dattawa a kan tabarmi, malamin jangali a gefe yana rungume da littafinsa. Wanda ya fara magana shi ne Alhaji Garba, mai lori ɗaya tilo da ke zuwa Kebbe da rani. Ya ce En'e, wato hukumar gargajiya, ta fitar da kuɗi daga baitulmali ta zuba burji, ta yi kwalbati, kuma ta riƙa taimaka masa da kuɗin mai don ya ɗauki talakawa da araha ranar kasuwa.

Aka ba ni dama, na miƙe da zumuɗi. Na ce, "Ranka shi daɗe, kuɗin baitulmali na wa ne? Na manomi ne da makiyayi. Mu za mu biya haraji, mu biya jangali, a kira gayyar hanya mu fito da fartanya, sannan mu taka da ƙafa Alhaji ya wuce ya watsa mana taɓo. Saniya ba ta hawa lori! A sa shinge, duk motar da ta bi ta biya."

Zaure ya ɗauka, "Gaskiya ne! Allah shi yi albarka!" Di'o ya gyaɗa kai. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na ji hulata ta matse ni.

Alhaji bai girgiza ba. Ya ce in an sa shinge, shi ƙara kuɗin mota zai yi, talakan da nake karewa shi zai biya. Ya tambaye ni, wa ke kai auduga kasuwa? Wa ya ɗauki mai naƙuda zuwa asibitin Sakkwato bara, saniya? Nan ma aka ce gaskiya ne. (Tsakani da Allah maganarsa ta fi tawa nauyi, amma sai bayan shekaru na yarda.) Muka yi ta yi, ya kawo in kawo, tafinta har gumi yake.

Da Alhaji ya ga na ƙi zama, sai ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya.

"Malam, kai da kake ta kukan jangali, nawa gidanku ka biya? Shanu sha biyu na fa. Ko tayar lorina guda ba su saye."

Aka fashe da dariya. Jama'a, a ce wa ɗan gidan kiwo shanunsu sha biyu, a gaban hakimi, a gaban Bature! Na manta Baba, na manta Baffa, na manta wanda ke zaune a gefe da littafi. Na buga ƙirji na ce:

"Sha biyu? Wallahi sittin da uku ne, ban da maruƙa! Je ka dajin bayan Kebbe wurin Baffa ka ƙirga da idonka!"

Na tsaya ina jiran tafi. Sai wani dattijo ya ce, "Innalillahi." Dattawa duk suka sunkuyar da kai, don rabinsu nasu shanun na can tare da namu. Tafinta, bawan Allah, ya yi ta tari yana jan lokaci, amma Di'on ya iya Hausa. Ya dube ni ya ce, "Sittin da uku, Malam? Madalla." Sannan na ji ƙarar buɗe littafi a gefena. Malamin jangali bai ko ɗago ba, ya lashi bakin fensirinsa ya ce, "Ban da maruƙa, ko?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zauna, ban ma ji yadda aka ƙare zancen hanyar ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki. Baba na zaune a ƙofar gida yana gyaran igiya. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "An ce ka yi magana mai kyau."

Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara."

"A'a, ai ka iya lissafi. Ba a banza munka kai ka boko ba."

Cikin mako guda malamin jangali da dogarai biyu suka keta taɓon nan a kan dawakai, suka ƙirga namu, suka ƙirga na maƙwabta. Sai da muka sayar da bijimai uku kafin mu gama biyan jangalin. Baba ya ce ba wanda zai kora su kasuwa sai mai jawabi. Na tuɓe takalma na naɗe wando, na taho da su tun daga Kebbe a ƙafa, taɓo har gwiwa, duk ƙauyen da na ratsa ana yi mini kirari, "Sannu Malam Ban-da-maruƙa!" Baffa kuwa shekara biyu bai amsa gaisuwata ba.

Da rani aka zuba burjin, da kuɗin baitulmali, ba shinge ba komai. Ranar da lorin Alhaji ta fara bin sabon burjin, Baba ya dube ta ya ce mini, "Tafi ka hau. Mu munka biya."

Ban hau ba, kunya ba ta bar ni ba. Amma na koyi abu ɗaya da ba a koya mini a makaranta ba. Yau shekaruna sun ja, kuma duk wanda ya tashi a cikin taro ya ce ba mu da komai, sai in gyara zama in ce masa, "Wallahi gaskiyarka, a taya mu da addu'a."