Sarkin Haɗi da Injin Surukinsa

"Ni da hanci nake auna fetur," in ji Sarkin Haɗi. "Ko barci nake aka gitta da jarka, sai na faɗi lambar ƙarfinsa."

Ka san mutanen nan da ko tocila ba su taɓa gyarawa ba, amma in ana hirar inji sai sun tsoma baki har wuya? To, wannan shi ne ubansu. Sana'arsa sayar da katifa, sarautar kuwa shi ya naɗa kansa.

Rannan surukinsa, dattijo mai sanyin hali, ya sayi sabon injin yankan itace don ya riƙa ba da haya. Ya ce kafin nan za a fara sare wata tsohuwar bishiya da ta karkato a tsakar gidansa. Da labari ya iso wa gogan naka ta bakin matarsa, sai ya ga ai cin fuska ne a kira wani alhali yana raye. Ya ɗaure jarkoki biyu a babur, fetur mai ƙaramar lamba da mai babbar lamba, ya haɗa da galan na baƙin mai, ya iso yana hura hanci. Ya jingine babur a inuwar bishiyar.

Dattijo ya nuna masa 'yar kwalbar awon man da ake haɗawa da fetur, wadda ta zo da injin. Gogan naka ya yi dariya, ya ce kamfani don matsorata ya yi wannan.

"Baba, ku zauna ku sha kallo. Yau za a san wanne ya fi."

Ya fara da ƙaramar lamba. A cewarsa rago ne, sai an yi masa gata, don haka ya kwarara masa baƙin mai kamar mai zuba miya. Da ya ja igiya, inji ya yi tari, ya turnuƙe gidan da hayaƙi. Fararen kayan da surukarsa ta shanya suka koma launin toka. Maƙwabta suka shigo a guje da bokitai, wani ma bai tsaya tambaya ba ya sheƙa wa Sarkin Haɗi ruwa a ka.

Ya share fuska, ya ce dama abin da yake so ya tabbatar ke nan. Ya juye tanki, ya ɗura babbar lamba zalla. Dattijo ya tambaya a hankali ko ba za a ɗiga masa mai ba. Gogan naka ya ce namiji ba ya shafa mai.

Inji kuwa ya yi ruri kamar zaki. Garin katako na tashi, Sarkin Haɗi na waiwayen jama'a yana ɗaga gira. Ya ci rabin gindin bishiyar, sai ƙara ta sauya, wani ƙauri ya tashi, inji ya yi ƙus. Ya ja igiya, ta ƙi. Ya taka gindin injin ya fizga da ƙarfin tsiya, ta tsinke, ya zauna daɓas cikin kwata.

Daga nan zaune ya sanar da jama'a cewa kada kowa ya damu, ya lissafa, bishiyar gabas za ta faɗi. Bishiya ta yi ƙara, ta yi yamma, ta kwanta a kan baburinsa.

Dattijo ya daɗe yana kallon injinsa da ya ƙone tun bai ga ɗan haya ko ɗaya ba. Kunyar suruki ta hana shi faɗa. Sai ya shiga ɗaki, ya fito da tsohon gatari, ya ce a daure a daddatsa reshen da ya tare ƙofar ɗakin girki.

Gogan naka na sara, gumi na zuba, hannu ya yi bororo. Surukarsa da ke sake wanki ta ɗago kai, ta kira 'yarta da ta biyo mijin kallo.

"Tambayo mana mijinki, shi gatarin lamba nawa yake sha? Kada shi ma mu rasa shi."