Bankwanan da Na Yi wa Oga a Zuba

Ina cikin jera kwandunan lemo a siton ogana a kasuwar Zuba, sai na ji abu ya cafke mini yatsa. Wani maciji ne ruwan ƙasa, ya sulale bayan buhuna. Da ma ni ne gwanin labarin macizai a layinmu, don haka take na yanke hukunci: kububuwa ce, kuma ba zan kai la'asar ba.

Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu, jama'a suka taru. Oga ya ce, "Tashi mu je asibiti."

Na ce, "Bar shi, Oga, tawa ta ƙare. Amma kafin in tafi, ka sani duk Zuba babu marowaci kamarka." Na ƙara masa da abin da direbobi ke faɗa kan tumbinsa. Na sallama wa ƙanena babur ɗina, na rufe ido ina jira.

Shiru-shiru, ban mutu ba. Can Mama Talatu mai doya ta ɗago macijin da sanda ta ce, "Ɗana, wannan ba shi da dafi. Ɓeraye da 'yan tsuntsaye yake ci."

A ranar Oga ya sallame ni. Macijin kuwa, Oga ya ce a bar shi a sito, tunda shi yana aiki. Ƙanena ya hana ni babur, wai wasiyya ce.

Yanzu dako nake yi. Duk layin da na bi, sai na ji an ce, "Marigayi, ya ka baro mutanen can?"