Ranar da aka ɗauke ni mai awon gonaki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na rantse ni kaɗai zan riƙa fita ɗaukar hoto ba. Duk laifin Ishaya ne (haka nake faɗa wa kaina har gobe).

Ishaya abokin aikina ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa. Tun da na sayi kyamarata a gwanjo, duk ƙarshen mako shi ke goya ni a babur mu shiga ƙauyuka. Matsalarsa ɗaya, gaisuwa. Mutumin nan ko akuya ya gani sai ya tambaye ta mutan gida. Ina kallon rana tana ɓullowa jawur a kan dawa, hasken da na baro barcina dominsa ke nan, shi kuwa ya kashe babur yana ta "Ina gajiya? Ya iyali? Ya mai jiki?" Kafin a kai ga "sai an jima" rana ta take. Na yi mita har na gaji. Amsarsa kullum ita ce, "Malam, gonar mutane ce fa."

Ran nan sai na ari babur ɗin ƙanena, na nufi wajen Maska ban gaya masa ba. Na sami wata gonar auduga ta fashe fari tas, ba kowa. Na kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, na ɗauki abin da nake so cikin natsuwa. Da a nan na tsaya, da yanzu ina da mutunci.

Sai na hango malafa da fartanya a gindin kaɗanya. Na ce bari in ɗauki kaina guda ɗaya, in sa a waya mutane su ga ɗan manoma (ni da ko masara ban taɓa shukawa a bayan gida ba). Na saita kyamara ta ƙirga goma, na ruga na gyara tsayuwa. Hoto ɗaya ya zama talatin.

"Kai! Wa ya aiko ka?"

Wani dattijo ne, Baba Dauda mai gonar, da 'ya'yansa biyu ƙarti. Ashe a kwanakin ana ta raɗe-raɗin za a zo a auna gonakin yankin a karɓe. Ga baƙo ba sallama, ga ƙarfe mai ƙafa uku a tsakiyar gonar gado. Tsohon ya dage awo na zo yi. Na yi rantsuwa, ya ce in adana ta sai gaban mai unguwa.

Haka na tura babur har cikin gari, jama'a na ƙaruwa a bayana. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya ce, "To, nuna mana abin da ka auna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko mu koma gefe?"

"A nan dai."

Na kunna. Ga ni da malafa ina kallon sama kamar mai jiran wahayi. Ga ni kwance da tsinke a baki. Ga wani da kyamara ta riga ni, bayana kawai ta kama ina gudu. Kyamara ta shiga yawo hannu zuwa hannu. Baba Dauda ya ƙura ido, can ya ce, "Malafata ce wannan! Ita kuma fartanyar, me kake nomewa a audugar da ta isa tsinka?"

Wata mata ta fashe da dariya daga bayan zana, daga nan gari ya ɗauka. Wallahi na gwammace a ci gaba da tuhumata da awon.

Da aka lafa, mai unguwa ya share hawayen dariya ya ce duk da haka sai wanda ya san ni ya zo. Na duba wayata sama da ƙasa, na haɗiye girman kai, na kira Ishaya.

Ya iso, ya durƙusa, ya bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye a rana kamar turke. Ashe mai unguwa ya san mahaifinsa tun suna kai auduga kasuwa tare. Sai da suka taɓo duk wanda ya rasu da wanda ya yi aure, sannan Ishaya ya nuna ni ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, ba shi da mugunta. Mu ma haka muke fama."

A hanyar dawowa ina biye da babur ɗinsa, kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa don dariya. Ran Litinin kuwa har maigadin kamfani ya tare ni da "Barka da zuwa, Sarkin Noma."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Wauta dai ba zan daina ba, na san kaina. Amma gara in yi ta a gaban mutum ɗaya da zai ce min "aje fartanyar nan," da in yi ta a ɓoye, daga baya gari guda ya zauna ya kalla.