Ranar da Kirinjijiya Ta Sauya Sheƙa

A yi mini afuwa, karatu na sani, ban taɓa rubutu ba. In na yi tuntuɓe a kau da kai.

Tarayyar tsuntsaye jihohi uku ce: Kurmi, Dutse da Fadama. Kowace jiha takan zaɓi wakilanta, su taru a kan wata tsohuwar kuka mai manyan rassa biyu, masu gwamnati a reshen gabas, 'yan adawa a na yamma. Reshen da ya fi rankwafawa shi ke fitar da Firayim Minista. Shekara huɗu Shaho na kan mulki, da rinjayen da bai wuce nauyin tsuntsuwa ɗaya ba.

Kirinjijiya, wakiliyar Fadama, can ƙarshen reshen gabas take zama. Da damina guza ya addabi masu sheƙa a gaɓar kogi. Ta kai ƙara wurin Gwamnan Fadama, Zalɓe, ya ce ai guza daga kogi yake fitowa, kogi kuwa na Tarayya ne. Ta kawo maganar majalisa. Shaho ya miƙe ya gyara fiffike, ya yi jawabi mai daɗi a kan martabar jihohi. Ya ce kogi nasu ne, gaskiya, amma a tudu guza ke shan ƙwai, tudu kuwa hurumin jiha ne, Allah ya kiyashe shi da yi wa Fadama shisshigi. Aka yi ta kaɗa masa fukafukai. Da ta koma gida ɓawon ƙwai ta tarar, guda shida, duk nata.

Ba wanda ya ga hawayenta. Ta koma mazauninta, kowane ƙuduri ta gyaɗa kai, har ana yi mata kirari da 'yar amana. Jira take yi. Ta jira har matar Shaho ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku a sheƙar ƙololuwar kuka, wadda tsarin mulki ya keɓe wa Firayim Minista shi kaɗai.

A makon nan Hankaka, jagoran adawa, ya kawo ƙuri'ar yanke ƙauna. Shaho ya bi reshensa yana lallashi, da ya zo kanta ya yi mata alkawarin ministar ruwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina nan inda ka bar ni."

Kakakin majalisa, Gauraka, ya ce kowa ya zauna a duba rassa. Na gabas ya rankwafa kamar kullum. Sai Kirinjijiya ta buɗe fiffike, ba gaggawa, ta sauka a yamma. Ta san doka: mai sauya sheƙa kujerarsa ta tafi da faɗuwar rana. Reshen gabas ya ɗaga a hankali, da Shaho a kai.

Doka ta kuma ce wanda aka kayar ya bar sheƙar ƙololuwa a ranar. Shaho ya roƙi mako biyu, yara su yi gashi. Hankaka ya ce shi wa, da zai taɓa tsarin mulki. Wakilan Kurmi suka ce ba su da wuri. Na Dutse, 'yan jiharsa, suka shiga gyaran gashinsu.

Kirinjijiya ta nemi izinin magana.

"Ya mai girma Kakaki, Fadama ba ta korar baƙo. Ina da sheƙa a gaɓar kogi, ba kowa a ciki. Na ba shi kyauta."

Majalisa ta yaba da wannan karamci. Shaho kaɗai bai kaɗa fiffike ba. Ya dube ta, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Haba 'yar'uwa, ko ido ba su gama buɗewa ba."

"Naka ma sun ga duniya, ranka ya daɗe."

Aka amince, ba wanda ya ja. Hankaka ya fara kiran sunayen ministoci, wakilan gabas suka yi ta tururuwa zuwa yamma har reshen yana ƙara. Kirinjijiya kuwa ta zame ta bayan kuka, ta bi ƙasa-ƙasa ta kan ciyawa, kafin wani ya waiwayo.