Ranar da Na Haƙa wa Kyanwa Kabari

Buhun masara arba'in ne a sitona na Garwa, mai gadinsu kuwa ɗaya tak: tsohuwar kyanwar Hajiya, matata. Da haƙorin kyanwar ya ruɓe ta daina farauta, ɓeraye suka fara biki, sai na kai ta wurin likitan dabbobi.

Ya yi mata allurar barci, ya cire haƙorin, ya ce in jira ta farfaɗo. Ni da na tsufa a dillancin shanu, ɗan bana-bakwai ne zai koya mini dabba? Na saka ta a kwali na hau babur.

A gida na duba: ido a buɗe ba ƙiftawa, harshe a waje. Na ce, "Hajiya, sai haƙuri." Ta fashe da kuka, maƙwabta suka shigo jaje. Ina tsakiyar haƙa rami, sai ga marigayiyar tana tangaɗi, ta zo ta leƙa ciki.

Masara ta tsira, kyanwa ta rasa haƙori ɗaya. Ni kuwa har yau in bijimin sa ya kwanta a kasuwa, sai mahauta su ƙwala mini kira: "Alhaji, zo ka duba! Barci yake, ko mu kawo fartanya?"