Gidan Kawu Cikin Atamfa

Ranar da Kawu ya yabi gidan da ƙanwata ta zana masa a kwamfuta, na ƙudura sai na zana wanda ya fi shi. Ni fa na riga ta shiga jami'a a Kalgo. Na zana nawa, na ɗauki hoton atamfar Inna don in shimfiɗa a labulen falo a cikin zanen, ashe duk ginin na zaɓa. Ko dubawa ban yi ba, na buɗe shi gaban dangi a Gwandu. Katanga da rufi duk furanni ja.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, in ya jiƙe, ina za mu shanya shi?"

Har yau dangi suna tambayata yadi nawa ke isar ɗaki biyu.